Injin Ƙwallon da Dalyop Ya Ba Shi Ajiya

A shekarun da aka shiga rage ma'aikata ko'ina a Ingila, Maharazu Gidaɗo na cikin waɗanda abin ya rutsa da su. Injiniyan lantarki ne a sashen fitilun titi na wata council, wato ƙaramar hukuma, da ke gefen Manchester, kuma ya daɗe a wurin har furfura ta fara fito masa a gemu. Ba a wulaƙanta shi ba. An tara su ne a wani ɗaki, aka kawo shayi da biskit, wata mata mai sanyin murya ta yi ta ba su haƙuri tana cewa ba laifin kowa ba ne. Da ya fito ya tarar ana yayyafi. Ya tsaya bakin ƙofa rungume da kwalin tarkacensa, ya rasa ta wane ɓangare zai nufa, alhali hanyar gida ɗaya ce tal.

Gidan nasu yana Levenshulme, a wani layi na gidajen jan bulo masu manne da juna, bayan Stockport Road. Matarsa Saudatu likita ce a wani babban asibiti da ke Edgbaston, can Birmingham, inda ta kama ɗan ƙaramin flat. Sai ranar Juma'a take hawo jirgin ƙasa ta dawo, shi ma in ba ta da aiki a ƙarshen mako. 'Yarsu ɗaya, Asama'u, tana karatu a Newcastle. Saboda haka Maharazu ya zama shi kaɗai ne a gidan daga Litinin zuwa Juma'a. Da fari yakan tashi ya yi wanka ya sa riga mai guga, ya zauna gaban kwamfuta yana neman aiki. A hankali ya daina gugar. Daga baya ma sai azahar ta yi bai ɗaga labulen falo ba.

Wata Laraba wayarsa ta yi ƙara. Dalyop ne, abokinsa tun suna ɗaki ɗaya a jami'a a Zariya. Mutumin Jos ne, dogo, mai dariyar da ake jiyowa daga nesa. Tare suka karanta lantarki, amma da ya zo Ingila sai ya watsar da shi ya koma aikin kula da matasa, yana riƙe da wata cibiyar matasa a unguwar Aston da ke Birmingham.

"Mazu, kana free ranar Asabar?" in ji Dalyop.

"Ai ni yanzu kullum free nake."

"To ka nemo van, motar ɗaukar kaya, ka zo. Sun rufe mu. Ƙarshen wata za mu miƙa key. Akwai abin da nake so ka ɗauka kafin a zuba shi a bola."

Maharazu bai tambayi mene ne ba. Ya ji daɗin a ce yau ga wani yana buƙatarsa a wani wuri.

Cibiyar tsohon gini ce mai rufin kwano, a bayan wani masallaci da shagon sayar da tayoyi. Ya tarar an riga an kwashe kujeru, an cire hotuna daga bango, sai tabon inda suke. Dalyop ya rame, amma dariyar tana nan. Ya ja shi zuwa wani ɗakin ajiya, ya yaye wani tsohon labule.

Wani dogon akwati ne na katako a kan ƙafafu huɗu na ƙarfe, samansa gilashi, a ƙarƙashin gilashin wani fili mai gangara cike da turaka da robobi da suka bushe suka tsattsage. A kansa kuma an kafa wani akwatin a tsaye, fuskarsa gilashi mai zanen wata mata tana tafiya a kan igiya, jama'a na ƙasa sun ɗaga kai suna kallonta.

"Pinball ke nan," in ji Dalyop. "Ka harba ƙwallon ƙarfe sama, ya gangaro, ka riƙa mayar da shi da waɗannan 'yan hannuwa biyu na ƙasa. Maɓalli ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Ya girmi aurenka. Babu kwamfuta a cikinsa ko kaɗan, wayoyi ne da ƙarafa. Wata mashaya ce ta ba mu shi da za ta rufe. Tun da na zo nan bai taɓa kunnuwa ba, kuma ba yaron da ya shigo bai tambaye ni yaushe za a gyara shi ba."

"Ni fa ban taɓa gyara ko rediyo ba. Zane nake yi a kwamfuta."

"Sai ka fara da wannan. Akwai wani coci da suka ce ƙila su ba mu hall ɗinsu. Ranar da muka buɗe, shi za a fara shigarwa. Ajiya na ba ka, ba kyauta ba."

Suka kwance ƙafafun, suka rabe akwatunan biyu, suka ɗora su a mota da ƙyar. Dalyop ya jingina da bango yana haki, ya dafe ƙeya. Maharazu ya tambaye shi lafiya, ya ce ciwon kai ne kawai, ya kwana biyu yana neman ganin GP, likitan unguwarsu, bai samu ba.

Da Saudatu ta dawo ranar Juma'a ta tarar an ture kujerar falo zuwa jikin taga, injin ya cinye rabin ɗakin, gidan na warin tsohuwar taba da fitsarin ɓera. Ta ajiye jakarta ta daɗe tana kallonsa.

"Injiniya, wannan ba na caca ba ne?"

"A'a. Ba ya fitar da komai. Maki kawai yake ƙirgawa."

"To Allah ya sa alheri," ta ce, ta wuce kicin. Ta ga ya yi aski, ya kuma ɗaga labule, don haka ta ƙyale shi.

Ranar da ya fara ɗaga filin wasan ya leƙa ciki, sai da gabansa ya faɗi. Wayoyi ne ɗauri-ɗauri kamar jijiyoyi, launinsu duk ya koɗe ya zama ɗaya. Ga jerin 'yan makunnai da ake kira rile, kowanne da siraran harsunan ƙarfe masu haɗuwa su rabu. Ga wani ɗan inji mai juya faya-fayai, wanda shi ke ba kowane sashe lokacinsa. Giris ɗin da aka shafa tun zamanin da ya daskare ya zama kamar ƙaro. A kusurwa ɓeraye sun yi sheƙa da takardar zanen wayoyin, sun cinye rabinta.

Ya san ka'idar duk abin da yake gani. Hannunsa ne bai sani ba. Ya ƙone yatsa da ƙarfen dalma tun a ranar farko. Ya kwance wani sashe, wani ɗan sifirin, 'yar naɗaɗɗiyar waya, ya yi tsalle ya ɓace ƙarƙashin kujera, ya yini a durƙushe yana lalube. Ya shiga wani dandalin intanet na masu irin wannan sha'awa, yawancinsu tsofaffin Turawa, suka yi ta ba shi shawara: kada ya fesa mai ko'ina, ya bi harsunan nan ɗaya bayan ɗaya da ɗan magagari, kada ya lanƙwasa abin da bai gane aikinsa ba. Haka ya riƙa yi. Safiya na yi sai ya shimfiɗa tsohuwar jarida, ya jera sukundireba da filaya, ya duƙufa. Sallah kaɗai ke tashinsa.

Kuskuren da ya fi yi masa ciwo a kan gilashin zanen ya yi shi. Ya ciro shi ya ga bayansa duk ƙura, ya jiƙa tsumma ya goga sau ɗaya. Bai san fentin a bayan gilashin yake ba, kuma shekaru sun sa ya saki. Da ya ɗaga tsumman sai ya ga ja da ruwan ɗorawa a jikinsa. Ya juya gilashin. Kan matar da kafaɗarta sun tafi, sai wani fili fari da ake hango bangon falo ta cikinsa. Jikinta na nan a kan igiya, jama'a na ta kallon sama.

Ya zauna a ƙasa, tsumman na hannunsa, har ƙafarsa ta yi sanyi. Sannan ya kira Dalyop ya gaya masa.

Dalyop ya yi dariya, amma gajeriya. "Ka cire mata kai? To ai yanzu ta yi daidai da zamani. Bar ta haka." Ya ce ya samu aikin gadi a wani ɗakin ajiyar kaya a bayan gari, tsayuwa ce tun safe har yamma. Batun coci kuwa shiru, su ma rufinsu na yoyo. Ya ce jiya ya ga biyu daga cikin yaran cibiyarsa zaune a tashar bas da tsakar rana, suka kau da kai kamar ba su san shi ba.

Watanni suka wuce. Injin bai motsa ba. In ya kunna shi sai ya yi gunji, fis ɗin da ke kare shi daga yawan wuta ya ƙone, shi ke nan. Wani kamfani a garin Warrington ya kira shi ganawar ɗaukar aiki, ya sa ranar a ransa, amma da ranar ta zo yana tsakiyar bin wata waya, ya ce bari ya kai ƙarshenta tukuna. Da ya ɗaga kai lokaci ya wuce. Bai kira su ba.

Saudatu ta ji labarin ranar Lahadi, tana ninke kayan da za ta koma da su. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ka san ni na roƙi mijin ƙawata Zinatu ya sa baki a wannan interview ɗin?"

"Na sani. Zan kira shi in ba shi haƙuri."

"Ba haƙurin ba ne. Injiniya, rabonka da masallacin Juma'a yaushe? Asama'u ta ce in ta kira ka, maganar waya da fis kake yi mata. Ni ina can ina yin shift ɗin mutum biyu, ward ɗinmu an rage nas, in dawo nan in tarar da kai ka cusa kai cikin akwati. Ba na ƙin abin nan. Tsoro nake ji, in ka gama shi me za ka shiga kuma?"

Ya so ya ce mata a cikin akwatin nan ne kaɗai in ya taɓa abu yake ganin sakamakonsa, ko da ƙonewar fis ce. Bai iya faɗa ba. Ya ce zai raka ta tasha. Ta ce ya bari, ta kira tasi. Kafin ta fita ta gaya masa an yi mata tayin zama na dindindin a Birmingham, kuma tana ganin za ta karɓa, gida biyu ya fi ƙarfinsu.

A farkon sanyi, wata safiya, ita ce ta kira shi daga asibiti. Muryarta ta aiki ce, a daidaice.

"An kawo Dalyop. Ya faɗi a wurin aiki. Stroke ne, babba, ɓarin jikinsa ya shanye. Yana raye. Ka taho."

Ya hau jirgi daga tashar Piccadilly ta Manchester, ya canja a tashar New Street ta Birmingham, ya sauka a tashar da ke kusa da asibitin. Rebecca, matar Dalyop, na zaune bakin gado da rigar aikinta ta gidan kula da tsofaffi, ko canjawa ba ta yi ba. Dalyop na kwance, bakinsa ya karkace, hannun dama a yashe kan bargo kamar ba nasa ba. Idonsa ya gane Maharazu. Ya buɗe baki, wani sauti ya fito, ya sake gwadawa, sautin dai shi ne. Sai ya rufe ido.

"Sannu, mutumina," in ji Maharazu. Ya kama hannun hagun ya riƙe. Sai ya ji kansa yana cewa, "Injin ya kusa. Saura kaɗan."

Rebecca ta dube shi, ta mayar da kai ƙasa.

Ya koma Manchester ya faɗa wa aikin kamar wanda ake bi. Yanzu ba ɓuya yake yi ba, a ganinsa; alkawari yake cikawa. Ya sake bin wayoyin tun daga tiransifoma, yana zana abin da ɓeraye suka cinye a bayan tsohuwar kalanda. Ya canja robobin duka, ya wanke filin wasan da ɗan ƙyalle har launukansa suka fito, ya sa sababbin ƙwayayen fitila. Ya gano wani ɗan ƙarfe mai lilo a ciki, wanda ke kashe wasa in an girgiza injin, ya daidaita shi. A ƙarshe, wata rana bayan la'asar, ya ga abin da ya wahalar da shi tun bazara: wani ɗan ɗigon dalma da ya faɗa tsakanin harsuna biyu ya haɗe su. Shi da kansa ya ɗiga shi, a makonsa na farko. Ya ɓanɓare shi da farce.

Ya sa sabon fis ya kunna. Fitilu suka kama ɗaya bayan ɗaya. Ya danna maɓallin farawa, ɗan injin ciki ya juya, lambobin maki suka yi ta ƙaf-ƙaf-ƙaf har suka koma sifili, ƙwallon ƙarfe ya faɗo cikin hanyarsa. Ya ja sandar ya saki. Ƙwallon ya haura, ya bugi turke, ƙararrawa ta yi ƙara a cikin falon, tattausa, kamar ta mai sayar da kaya a keke. Maharazu ya ji ƙwalla ta cika masa ido. Ya juya don ya ce wa wani ya zo ya gani, gidan ba kowa. Haske na fitowa fari fat ta inda kan matar yake a da.

Lokacin an riga an sallami Dalyop. Maharazu bai sanar da kowa ba, ya ɗauko hayar mota, ya roƙi maƙwabcinsa ya taya shi lodi, ya kama hanyar Birmingham. A hanya ne ya kira Rebecca, ta ba shi sabon adireshi. Sun tashi daga tsohon flat ɗinsu. Tun da ɗansu Tomas ya koma Landan aka ce ɗakinsa ya zama rara, za a rage musu tallafin haya, ga kuma bene da Dalyop ba zai iya hawa ba. Yanzu suna ƙasa, a wani dogon gini a Aston, ɗaki ɗaya da falo.

Rebecca ta buɗe ƙofa. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Ta bayanta ya hango falon: gadon asibiti ya cinye shi, ga keken marasa lafiya, ga kujerar bayan gida, ga kwalaye da ba a buɗe ba har rufi.

"Baban Asama'u, sannu da hanya. Me ke cikin van ɗin?"

"Injin ne. Ya tashi. Na ce in kawo masa."

Ta leƙa motar, ta dubi falon, ta dube shi. "Ina zan sa shi?"

Duk tsawon hanya bai taɓa tunanin wannan ba.

Daga ciki Dalyop ya yi wani sauti, yana buga hannun hagu a ƙarfen gado. Ya ji su. Rebecca ta numfasa ta ce to a haɗa shi a nan waje, ya gani, tun da an riga an kawo.

Wani mai wucewa ya taya Maharazu saukewa. Ya ɗaura ƙafafun a kan simintin da ke gaban ƙofa, ƙarƙashin barandar bene na sama, ya ja doguwar waya ta tagar kicin. Iska na kaɗawa da sanyi. Su biyu suka ɗaga Dalyop daga gado zuwa keke, a nan ne Maharazu ya ji nauyinsa, ya kuma ji yadda Rebecca ta yi nishi ta dafe ƙugu. Suka lulluɓe shi da bargo suka turo shi waje.

Da fitilun suka kama, gefen bakin Dalyop mai motsi ya ɗaga. Ya kalli matar da ba ta da kai, wani abu mai kama da dariya ya fito daga ƙirjinsa. Daga kan keke ba ya ganin filin wasan, don haka ya yi ta nuni da hannu sai an tsayar da shi. Maharazu ya shiga ƙarƙashin kafaɗarsa ta dama ya tallafe shi, ya ɗora yatsansa a maɓallin dama. Dalyop ya sa nasa a na hagu.

Ƙwallon farko ya gangaro ta hagu. Dalyop ya danna bayan ya riga ya wuce. Na biyu Maharazu ya mayar da shi sama sau biyu, ƙararrawa na ta ƙara, sannan ya gangaro ta hagu, Dalyop ya danna tun bai iso ba. Wasu mutane sun tsaya daga nesa suna kallo. Jikin Dalyop ya fara rawa, ƙafarsa mai lafiya na karkarwa. Na uku ya zo a hankali, daidai kan hannun bugun hagu, ya ɗan tsaya kamar yana jira. Maharazu na ganin yatsan abokinsa a kan maɓallin, yana ganin yadda yake kallon yatsan, amma yatsan bai motsa ba sai da ƙwallon ya zame ya faɗa rami.

Dalyop ya dunƙule hannu ya naushi gefen akwatin da duk ƙarfin da ya rage masa. Injin ya girgiza, fitilun filin suka mutu, ƙarar ta ɗauke. Ya sake naushi, ya sake. Miyau na zuba daga gefen bakinsa, yana ta fitar da sautin nan guda ɗaya. Maharazu bai taɓa ganin Dalyop cikin fushi ba, tun suna samari.

"Ya isa," in ji Rebecca a hankali. "A mayar da shi ciki. Sanyi ya yi yawa."

Bayan sun kwantar da shi ya juya fuska ga bango. Rebecca ta dafa shayi, suka tsaya a ɗan kicin ɗin don ba wurin zama.

"Ki yi haƙuri, Maman Tomas. Na ɗauka zai ji daɗi."

"Ya ji daɗi da farko. Na gani." Ta riƙe kofin da hannu biyu. "Ba na jin haushinka. Amma bari in gaya maka gaskiya, tun da kai ɗan'uwa ne. Carer, mai kula da shi, tana zuwa da safe, kafin ta cire jaket lokacinta ya ƙare. Physio, masu motsa masa gaɓoɓi, muna kan layi, ba a san yaushe ba. Day centre ɗin da ake kai masu irin ciwonsa an rufe ta bara. Na rage shift, in na ƙara ragewa za su sallame ni. Bayana ya kusa karyewa. Kullum ni kaɗai nake ɗaga shi. 'Yan coci sun zo makon farko da abinci, Allah ya saka musu, amma kowa da nasa. Abin da nake nema mutum ne mai hannu biyu, wanda zai zo, ya kuma sake zuwa."

Maharazu ya kalli hannuwansa, duk tabon ƙuna da yanka. Ya ce, "Na ji."

Ya kwance injin shi kaɗai cikin yayyafi, ya jira har ya samu wanda ya kama masa. Bai koma Manchester a ranar ba. Ya tuƙa zuwa Edgbaston, ya zauna cikin motar a gaban ginin su Saudatu har ta taso daga aiki. Da ta gan shi ta tsaya, ta kalli motar. Ta buɗe ƙofa ta ce ya shigo ya ci abinci.

Kafin bazara suka saki gidan Levenshulme. Flat ɗin Saudatu ba zai ɗauki injin ba, mai gidan ma ba zai yarda ba. Wani mai shagon kayan gini a Stockport Road ya ce a ajiye shi a garejinsa, Maharazu ya naɗe shi da tsofaffin barguna ya bar shi a can, tsakanin buhunan siminti. Cibiyar Aston ba ta sake buɗewa ba. An rushe ginin, filin ya zama wurin ajiye motoci. Aikin injiniya bai samu ba. Ya samu na karanta mitar lantarki gida-gida, na rabin yini, kuma Saudatu ba ta daina kiransa Injiniya ba, ko da yake wani lokacin yakan so ta daina.

Da rana, in ya tashi aiki, sai ya hau bas zuwa Aston. Ya koyi yadda ake sa hannu ƙarƙashin hammata a ɗaga mutum ba a ji masa ciwo ba, da yadda ake juya shi don kada bayansa ya yi gyambo. Ya koyi yi wa wani aski, abin da bai taɓa yi ba. Maganar Dalyop ba ta dawo ba, sai kalmomi ƙalilan, su ma ba kullum suke zuwa inda ake nemansu ba. Wasu ranakun yakan ƙi cin abinci, ya ƙi kallon kowa. A irin ranakun Maharazu kan zauna kawai a bakin gado, Rebecca ta samu ta shiga ɗaki ta yi barcin da ba ta samu ba.

Wata Alhamis ruwa ya tsare shi a hanya, ya iso a makare, jiƙe sharkaf. Rebecca ta riga ta sa rigar aiki tana tsaye bakin ƙofa. Ta miƙa masa tawul, ta ce maganin rana na kan firji, miya na cikin tukunya, yau tun safe bai yarda an taɓa shi ba. Ta fita da sauri don kada bas ta wuce ta.

Maharazu ya cire takalmi, ya ɗebo ruwan ɗumi a roba, ya ɗauko reza da sabulu. Dalyop na kallon bango. Ya ja kujera ya zauna, ya ajiye robar a ƙasa, ya jira. Ruwan ya huce, ya tashi ya canjo wani. Can Dalyop ya juyo da kai a hankali, ya dube shi, sannan ya ɗaga haɓa.